Rigar karen farauta a lokacin hunturu: tambayoyinku da amsoshinmu

Tun da hunturu ya kama, wasiƙun da suka fi yawa a wannan fili daga maharban bakin ruwa suke zuwa, masu bin dinya da kirinjijiya da sauran agwagin ruwa a Gombe da Bauchi. Kusan dukansu a kan abu ɗaya suke, wato rigar nan da ake sa wa karen farauta. Mun zaɓi guda shida.

Daga wani maharbi a Dadin Kowa, jihar Gombe: Malam, ina gani a waya maharban Amurka suna sa wa karnukansu wata riga kafin su shiga ruwa ɗauko agwagwa. Nawa karen idan ya fito daga dam da asuba sai ya yi ta makyarkyata. Ita ce maganin abin? Wace iri zan nema?

Ɗan'uwa, rigar da ka gani da wata roba mai laushi ake yin ta, sunanta niyofirin, irin wadda masu nutso a teku suke sawa. Ba ta hana kare jiƙewa. Ruwa kaɗan yana shiga tsakaninta da fata, zafin jikin karen ya ɗumama shi, ita kuma robar, saboda ƙananan kumfar iska da ke cikinta, ta hana ɗumin nan tserewa. Wannan kumfar ce kuma take ɗan taimaka masa ya yi iyo ba tare da ya gaji da wuri ba.

Amma ka lura da inda suke. Maharban nan na arewacin Amurka da Kanada suna farauta ne a ruwan da wani lokaci sai an fasa ƙanƙarar da ta rufe shi kafin kare ya shiga. Shi ya sa suke sayen mai kaurin milimita 5. Ruwan Gongola ba ya daskarewa. Abin da muke da shi a Disamba da Janairu shi ne sanyin asuba da kan sauka ƙasa da digiri 15, da iskar hunturu busasshiya, sannan kafin azahar zafi ya haura digiri 30. Rigar da aka yi domin ƙanƙara, idan ka bar ta a jikin kare har rana ta take, cutar da shi za ta yi.

Duk da haka karenka yana da dalilin rawar ɗari, kuma ya kamata a kula. Karen da kake gani a wayar galibi Labrador ne, wani irin karen ƙasashen Turawa mai gashi hawa biyu: na sama mai maiƙo da ruwa ke zamewa a kansa, na ƙasa mai laushi kamar auduga, ga kuma kitse. Namu karen gida gajeren gashi gare shi, hawa ɗaya, jikinsa duk tsoka da ƙashi. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska har ninki 20 da wani abu. Kuma inda karenmu ya fi shan wuya ba cikin ruwan ba ne, bayan ya fito ne: yana jiƙe, yana zaune shiru a cikin kwalekwale ko gindin ciyawa ana jiran tsuntsu, iska tana busar da ruwan jikinsa tana tafiya da ɗuminsa. Kamar randa ce da aka ajiye a inda iska ke kaɗawa, jiƙewar bayanta ce ke sanyaya ruwan ciki.

Saboda haka shawararmu ita ce mai kaurin milimita 3, ko ƙasa da haka idan ka samu. Abin da ya fi kaurin muhimmanci a wurinmu shi ne ƙirjin rigar. Ka nemi wadda aka ɗora wa gabanta wani yadi mai tauri tun daga ƙasan wuya har ciki. Ruwan dam cike yake da kututturen itatuwan da ruwa ya ci, da karan dawa da na masara da aka sare a gonakin bakin ruwa suka tsaya kamar tsinke, da ƙaya. Kare ya yi tsalle ya faɗa ruwa da gudu, ƙirjinsa ne ke fara saduwa da su. Raunin da ake samu ta nan yana iya hana karen farauta aiki. Idan rigar tana da marfin hannu a doron baya, wato wurin kamawa, to madalla, domin da shi za ka ciccibo kare cikin kwalekwale ba tare da ka ja shi ta wuya ko ta fata ba.

Tunda a Dadin Kowa kake, ka sani babu rigar da ke tare dorina ko kada. Inda masunta suka ce akwai su, kada ka tura kare, ko da tsuntsun ya faɗa a gabanka.

Daga wani mai karatu a Misau: Na yi odar riga ta intanet, na zaɓi babba don karena dogo ne. Ranar farko hamatarsa ta saluɓe har da jini, kuma rigar tana juyawa a jikinsa. Kuɗina sun tafi ke nan?

Ba lallai ba, amma bari mu fara da inda aka kuskure. Masu yin rigunan nan a jikin Labrador suke auna su, kare mai nauyin kilo 25 zuwa 36, faffaɗan ƙirji, kakkauran wuya, jiki kamar turmi. Karenmu dogo ne amma siriri: ƙirjinsa mai zurfi ne ba mai faɗi ba, cikinsa kuma a ɗame yake. Idan ka zaɓa da tsayi ko da sunan girma kawai, za ka samu riga mai yalwa a wuya da ciki, mai matsi a hamata.

Awo biyu ake yi, da tef ɗin tela, kare yana tsaye a kan ƙafafunsa huɗu, ba a zaune ba. Na farko kewayen ƙirji a inda ya fi faɗi, wato daf da bayan ƙafafun gaba. Na biyu kewayen wuya a gindinsa, inda ya haɗu da kafaɗa. Teburin awon masu sayarwa galibi da inci yake. Idan tef ɗinka santimita ne, raba da 2.54. Awon ƙirjin shi ne jagora. Idan ya faɗa tsakanin girma biyu, ɗauki wanda ya fi kusa da ƙirjin a matse, domin robar tana ɗan saki idan ta jiƙe.

Me ya sa yalwa ta zama aibi? Domin duk amfanin rigar a kan ruwan nan kaɗan da ya ɗumama yake. Idan akwai gibi a wuya, duk lokacin da kare ya yi iyo sabon ruwa mai sanyi zai shiga ta gaba ya kore mai ɗumin ta baya, sai ya zama yana jan buhun ruwa ne kawai. Ga yashi da tsakuwa da ke shiga su zauna suna gurzar fata. Gwajin mai sauƙi ne: bayan ka rufe rigar, yatsunka biyu a kwance su shiga tsakaninta da jiki a wuya da ƙirji, amma tafin hannunka gaba ɗaya kada ya shiga. Ka kama ta ta baya ka murɗa; idan ta juya, ta yi yawa.

Yanzu gyaran taka. Robar niyofirin ba ta warwarewa idan an yanka ta, shi ya sa wasu rigunan suke zuwa da layukan yanka a kewayen ramin ƙafa. Sa wa karen, ka sa shi ya yi tafiya, ka duba inda bakin rigar ke cizon bayan ƙafar gaba, ka yi alama da alli. Cire ta, ka rage kamar rabin santimita da almakashi mai kaifi, ka sake gwadawa. Kaɗan-kaɗan ake yi, kada garin gyaran gira a rasa ido, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Kada ka yanka ta kan ɗinki; idan dole ne, ka sa tela ya daure ƙarshen ɗinkin. Yalwar ciki kuwa tela zai iya tsuke ta da ɗinki biyu a gefe da gefe. Idan namiji ne, ka tabbata ƙarshen rigar ta ƙasa bai kai wurin fitsarinsa ba, in ba haka ba zai riƙa jiƙa ta, fatar wurin ta ƙone.

Raunin hamatar a wanke shi da ruwan gishiri mai ɗumi, kamar ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce, sau biyu a rana. Kada rigar ta koma jikinsa, kada kuma ya shiga ruwa, sai ya warke sarai. Idan wurin ya kumbura ko ya fara ruwa, a kai shi wurin likitan dabbobi.

Kuma ranar farauta ba ranar gwajin sabuwar riga ba ce. A gida ake farawa, minti 10 zuwa 15 a rana, ana ba shi abinci yana sanye da ita, har kwana huɗu ko biyar. Daga nan a kai shi ruwa marar zurfi. Bayan kowane gwaji a cire a duba hamata da ƙashin ƙirji. Jan fata shi ne gargaɗin farko.

Tunda daga Misau kake, to mu ƙara da wannan. Tafkin Maladumba da ke yankinku yana cikin wuraren dausayi da aka sa a jerin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dausayi, a 2008. Kafin ka kai bindiga ko kare can, ka tambayi ofishin gandun daji abin da aka yarda da wanda aka hana.

Daga wani dattijo a cikin garin Bauchi: 'Ya'yana, ni ba ni da kuɗin kayan waje. Akwai baduku a unguwarmu da ke yi mana kube da warki. Zai iya ɗinka wa kare rigar fata?

Baba, Allah ya ƙara girma. Zai iya, amma ba ta shiga ruwa ba. Fata tana shan ruwa ta yi nauyi, idan ta bushe kuma ta ƙandare ta zama kamar ƙirgi, gefenta ya riƙa yankar kare. Rigar fata ta farautar tudu ce, inda ake gudun ƙaya da haƙorin gadu. Ta ruwa sai a nemi wani abu.

Hanya mafi kyau ita ce a duba wurin masu gwanjo. Wani lokaci a cikin dilar kayan wasanni akan samu tsohuwar rigar masu nutso, baƙa mai laushi kamar roba. Ita ce niyofirin ɗin da muke magana. Guda ɗaya ta babban mutum za ta fitar da rigar kare har a samu saura. Idan ba a samu ba, a yi mai hawa biyu: waje yadin jakar makaranta mai ƙarfi ko siririn tamfol, ciki kuma siririyar roba irin wadda ba ta shan ruwa, dangin ta silifas. A gwada ta tukuna: a tsoma yanki a ruwa a matse. Idan ruwa ya fito kamar soso, a ajiye ta. Soson katifa da bargo da tsohuwar rigar sanyi ta ulu duk ba su da wuri a nan. Suna shan ruwa su riƙe shi, su yi wa kare nauyi a tsakiyar tafki, kuma bayan ya fito su zame masa jiƙaƙƙen tsumma a cikin iska, abin da ya fi zama tsirara muni.

A fara yanka fasalin a jikin buhu ko kwali mai laushi, a gwada a jikin karen, sannan a taɓa yadin gaske. Fasalin guda ɗaya ne da ke bi ta ƙarƙashin ƙirji, da ramuka biyu na ƙafafun gaba, gefunan biyu su haɗu a doron baya. A baya ake rufewa, ba a ciki ba, domin ciki ne ke gogar ƙasa da ciyawa. Ɗinki da zaren nailan irin na masu gyaran takalmi, domin zaren auduga ruɓewa yake yi. Duk wani tudun ɗinki ya kasance ta waje, ɓangaren da ke taɓa fata ya zama sumul. A ƙirji a ninka yadin waje sau biyu.

Wurin rufewa, zif na roba mai manyan haƙora ya fi na ƙarfe, wanda ke tsatsa kuma yashi ke cushe shi. A sa ɗan yadi a ƙarƙashin zif ɗin don kada ya kama gashi. Maɗaurin nan mai mannewa irin na takalmin yara yana da daɗin daidaitawa, amma ƙarangiya da laka suna cika shi ya daina kamawa, sai an riƙa tsefe shi da tsohon buroshin haƙori.

Abu ɗaya kada a ɗauka: rigar gida ba rigar ceto ba ce. Kare da bai iya iyo sosai ba, ko tsoho, kada a dogara da ita a tura shi nesa.

Daga wani matashi a Jama'are: Inda muke farauta masunta suna kafa raga da ƙugiyoyi, ga kuma kacalla ta cika wurin. Rigar ba za ta maƙale ba? Kuma wane launi ya fi?

Tambayarka ta taɓa babban haɗari. Tabbas tana iya maƙalewa. Zaren raga siriri ne, ba a ganinsa a ruwa, kuma duk abin da ya fito a jikin riga yana kama shi: zoben ƙarfe, maɓallin roba, jelar igiyar da ta rage tana reto, har da marfin hannun da muka yaba a sama. A irin wurinku a zaɓi riga sumul. A yanke duk jelar da ta yi saura a ƙona bakinta, a cire zobban da ba a bukata, marfin hannun kuma ya kasance kwance a jiki, ba tsaye kamar hannun bokiti ba. Abin wuya da layu a cire su kafin kare ya shiga ruwa. Riga ta maƙale kare yana iya riƙe kansa sama na ɗan lokaci, amma abin wuya shaƙe shi zai yi. Ka riƙe wuƙa mai kaifi a inda hannunka zai kai nan take. Mafi sauƙi duka, ka gaisa da masuntan tun da yamma su nuna maka inda suka yi kafi.

Kacalla kuwa, ganyenta na yankar fata a ciki da cinya, nan rigar tana da amfani ƙwarai. Sai dai kare da ya kutsa cikin kacalla mai duhu ba ka ganinsa, wanda ya kawo mu maganar launi. Tsuntsayen ruwa suna ganin launi da kyau, shi ya sa 'yan waje ke son mai launin busasshiyar ciyawa. Idan kai kaɗai ne kake kwanto, ruwan ƙasa ko ruwan toka ya yi. Amma idan farautar gayya ce, bindigogi da yawa, ga hazo, to a ɗinka faffaɗan ƙyalle ruwan lemo a doron bayan rigar. Tsuntsu ɗaya ko biyu za su gane ku su kauce, amma babu wanda zai ga motsi a ciyawa ya saki harbi a kan karenka.

Daga wani mai karatu a Nafada: Ta yaya zan gane sanyi ya yi wa kare yawa? Kuma bayan farautar makon jiya wutsiyar karyata ta saki, ba ta iya ɗaga ta, tana kuka idan an taɓa.

Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya. Ma'aunin zafin jiki na kemis ya isa, a shafa masa man shafawa a sa ta dubura. Ƙasa da 37 sanyi ya shige shi. A bakin ruwa kuwa da ido za ka gane. Makyarkyata kaɗai, kare yana cikin kuzarinsa, alama ce ta a goge shi a ba shi hutu. Idan ya fara noƙewa daga shiga ruwan da ya saba faɗawa, yana takurewa, yana tafiya kamar mai maye, dasashinsa ya yi fari, farauta ta ƙare. Mafi muni shi ne rawar ta tsaya alhali jikin na nan da sanyi kuma ya yi laushi. Wannan na likita ne cikin gaggawa.

Abin yi: a cire rigar, a goge shi da busasshen tawul ko buhun algarara har gashin ya bushe, a naɗe shi da bargo a inda iska ba ta kaiwa. A zuba ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, a gora, a naɗe da tsumma a sa a gefen ƙirjinsa. Kada a kanga shi daf da wuta, domin fatar da sanyi ya kashe ba ta jin ƙuna sai ta ƙone. Idan yana cikin hayyacinsa yana iya lasa, a ba shi ruwa mai ɗumi da ɗan zuma. Wanda ba ya iya haɗiya kada a ɗura masa komai.

Ɗaya gefen ma a kula da shi, domin a ƙasarmu shi ya fi saurin faruwa. Kare da haki yake fitar da zafi, ba ya gumi a jiki kamar mutum, kuma roba tana tsare zafin da ya kamata ya fita. Kada ya yi tafiyar zuwa bakin ruwa ko bin babur yana sanye da ita. A sa masa idan an isa. Da hantsi ya ɗaga, ko aka koma bin zomo da fakara a tudu, a cire. Harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu ya yi kauri, yana tangaɗi: a tuɓe rigar, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita. Digiri 41 zuwa sama yana iya kisa.

Wutsiyar karyarka kuwa, abin sananne ne ga karnukan da ke iyo a ruwan sanyi. Kare da wutsiya yake tuƙi a ruwa, sai tsokar gindinta ta gaji ta yi tsami. Yawanci tana warwarewa cikin 'yan kwanaki zuwa mako guda idan an ba ta hutu da wurin kwana mai ɗumi, ana ɗan gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Riga ba ta hana wannan, tunda ba ta rufe wutsiya. Kada ka ba ta ibuprofen ko diclofenac na mutane. Suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Idan mako ya wuce ba sauƙi, ko akwai kumburi ko rauni, likita ya duba ko karaya ce.

Daga wani mai karatu a Azare: Yaya ake adana rigar don ta daɗe?

Da an dawo a ɗauraye ta da ruwa mai tsabta ciki da waje, a juya ta, a shanya a inuwa. Rana da ruwan zafi da bilic suna busar da robar ta tsattsage. Sabulu kaɗan ya isa idan ta fara wari, a ɗauraye sosai don kada ya ci fatar kare. A rataye ta ko a shimfiɗa, kada a ninke a danne, domin inda aka karya ta kumfar ta mutu ke nan. A nisanta ta da kananzir da man fetur da kuma ɓera.

Kafin ka rataye, duba cikin ɗinki ko kaska ta ɓuya, ka duba jikin karen ma, musamman hamata da kunne da tsakanin yatsu. Kunnuwan a goge su su bushe. Kada karnuka biyu su yi tarayya a riga ɗaya idan ɗaya yana da ƙazuwa ko makero. Idan kuma karenka ya taɓa tsuntsun da kuka tarar matacce ko marar lafiya ba ku kuka harbe shi ba, a wanke rigar da sabulu, kai ma ka wanke hannu, kada a kai gawar gida kusa da kaji, a sanar da ofishin likitan dabbobi. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya a 2006, kuma tsuntsayen ruwa masu ƙaura, irin waɗanda ke sauka a dausayin Haɗejiya da Nguru a wannan lokaci na shekara, suna cikin masu ɗauke da ita.